Georges Claude, Bafaranshen da ya mayar da iska haja: tambayoyi da amsoshi

Ɗaliban kimiyyar sinadarai kan ci karo da sunan Georges Claude a darasin sarrafa iska. Masu aikin allunan talla sun san shi ta wajen fitilar niyon. Masu bibiyar tarihin Yaƙin Duniya na Biyu kuma suna ganin sunansa cikin jerin waɗanda kotu ta hukunta a Faransa. Duk mutum ɗaya ne, kuma ga tambayoyin da aka fi yawan yi a kansa.

Wane ne Georges Claude?

Masanin sinadarai ne, injiniya, kuma ɗan kasuwa. An haife shi a birnin Faris ranar 24 ga Satumba 1870, ya mutu a Saint-Cloud, a gefen birnin, ranar 23 ga Mayu 1960 yana da shekara 89. Lokacin da tauraruwarsa ke haskawa, jaridu kan kira shi Edison na Faransa, suna kwatanta shi da Thomas Edison, shahararren mai ƙirƙira na Amurka.

Baiwarsa ita ce ɗauko abin da wasu suka gano a ɗakin gwaji, ya nemo masa hanyar zama masana'anta mai kawo kuɗi. Kayan da ya fi aiki da su kuwa ba a sayensu a kasuwa, iska ce da ruwan teku. Daga iska ya fitar da oksijin na sayarwa, daga ragowarta ya yi fitilar niyon, sannan ya kashe dukiyarsa wajen neman lantarki daga zafin teku. A ƙarshe siyasa ta kai shi gidan yari.

A ina ya yi karatu, kuma da me ya fara?

Ya yi karatu a makarantar kimiyyar lissafi da sinadarai ta masana'antu mallakar birnin Faris, wadda aka fi sani da ESPCI, ya gama a 1889. A wannan makarantar Pierre Curie ke koyarwa a lokacin. Da ya fito sai ya kama aikin lantarki, ya kuma riƙa fitar da mujalla kan harkar, har ya rubuta littafin bayanin lantarki ga gama-garin mutane wanda ya samu karɓuwa ƙwarai. A wannan zamani ya ƙulla abota da babban masani Arsène d'Arsonval. Riƙe wannan suna, domin zai sake fitowa a amsar da ta shafi teku.

Mece ce alaƙarsa da tukunyar gas ɗin masu walda?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai gyaran bodin mota ya ga abubuwa biyu a gefensa: doguwar tukunyar oksijin, da wata tukunyar da ke ba da gas mai ci da wuta. Wannan gas sunansa asitilin. Masu walda da yawa a garuruwanmu da kansu suke haɗa shi: su jefa dunƙulen kabaid cikin tukunya mai ruwa, ya hau tafasa yana fitar da gas mai warin tafarnuwa, su ja shi ta roba zuwa bakin wuta. Idan ya haɗu da oksijin, harshen wutar kan haura digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa yake yanka ƙarfe.

Matsalar asitilin ita ce ba ya jure matsi. Da zarar an danne shi a tukunya fiye da kusan ninki biyu na matsin iskar da muke ciki, yana iya tarwatsewa ko babu oksijin a kusa. A shekarun 1890 an yi asarar rayuka a Turai wajen ƙoƙarin ɗura shi a kwalabe. Wajen 1896 Claude da abokin aikinsa Albert Hess suka gano cewa asitilin na narkewa sosai cikin asiton, wato ruwan nan da ake goge jan farce da shi. Lita ɗaya ta asiton tana shanye kusan lita 25 ta gas ɗin, idan kuma aka ƙara matsi sai ta sha ninkin-ba-ninkin, har wajen lita 300, ba tare da haɗarin fashewa ba. Daga baya wasu suka cika cikin tukunyar da wani abu mai ƙananan ramuka don ya riƙe ruwan.

Har yau haka ake yin tukunyar asitilin ta kamfani. Dalilin ke nan da ya sa ake gargaɗin kada a yi aiki da ita a kwance: asiton ɗin zai biyo roba ya fito. Idan an ɗauko ta a kwance cikin mota, sai a tsayar da ita ta huta kafin a buɗe.

Yaya ake mayar da iska ruwa, kuma me Claude ya ƙara a kai?

Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin, saura kuma agon ne da wasu 'yan tsiraru. Idan aka sanyaya ta sosai takan zama ruwa. Ruwan naitirojin na tafasa a digiri 196 ƙasa da sifili, na oksijin kuwa a 183 ƙasa da sifili. Wannan 'yar tazara ta digiri 13 ita ce duk sirrin sana'ar: idan aka bar ruwan iskar ya ɗan ɗumama a hankali, naitirojin ce ke fara tashi ta bar oksijin a baya.

Kai wa ga wannan sanyin shi ne aiki. Mai faci ya san famfo na yin zafi idan ana buga iska, ya kuma san iskar da ke fita daga bakin taya sanyi gare ta. Bajamushe Carl von Linde ya yi amfani da wannan a 1895: ya matse iska har kusan ninki 200, ya sake ta ta ƙaramar kafa, ya yi ta maimaitawa har ta zama ruwa. Hanyar tana aiki, amma tana cin wuta. Claude ya ce maimakon a saki iskar a banza, a sa ta ta tura fistin, ta yi aiki. Iskar da ta yi aiki ta fi rasa zafinta, don haka matsi kusan ninki 40 ya wadatar.

An daɗe da sanin hakan a takarda. Abin da ya hana kowa shi ne mai: a irin wannan sanyi kowane man inji daskarewa yake yi, fistin ya cije. Claude ya yi ta fama har ya samo wani ruwan fetur mara nauyi da ba ya saurin daskarewa, yana tayar da injin da shi, in sanyi ya kankama kuma ruwan iskar da kansa ya zama man shafawa. Ya yi nasara a 1902. Manyan masana'antun raba iska na yau sun bar fistin sun koma injin farfela, amma dabarar sa iska ta yi aiki don ta huce tana nan, kuma littattafan injiniyoyi da sunansa suke kiranta.

Shi ne ya kafa kamfanin Air Liquide?

Shi da Paul Delorme suka kafa shi a 1902. Claude ne mai dabara, Delorme ne mai riƙe kuɗi da shugabanci, kuma shi ya ja ragamar kamfanin shekaru da dama. Lokacin ya zo musu daidai, domin a farkon shekarun 1900 injiniyoyin Faransa Edmond Fouché da Charles Picard suka fito da bakin wutar walda mai haɗa oksijin da asitilin. Nan take masu ƙera jiragen ruwa, layin dogo da gadoji suka shiga neman oksijin, gas na biyun kuma dama Claude ya riga ya koya wa duniya yadda ake ɗaukarsa, kamar yadda aka bayyana a amsar walda.

Yau Air Liquide na cikin manyan kamfanonin gas na masana'antu da asibitoci a duniya, kuma cikakken sunansa na rajista har yanzu yana ɗauke da sunan Georges Claude. Wani injiniyan kamfanin, Émile Gagnan, shi ne ya haɗa kai da Jacques Cousteau a 1943 suka ƙera na'urar numfashi ta masu ninƙaya a ƙarƙashin teku.

Claude ne ya gano niyon?

A'a. William Ramsay da Morris Travers ne suka gano shi a Landan a 1898, kuma tun a lokacin sun ga jan hasken da yake yi idan lantarki ya ratsa shi. Ita ma dabarar kunna gas a bututun gilashi ta girmi Claude: Heinrich Geissler ya yi ta a Jamus a shekarun 1850, Ba'amurke Daniel McFarlan Moore kuma yana sayar da dogayen fitilun bututu masu naitirojin tun farkon ƙarni na 20.

Abin da Claude ke da shi wanda sauran ba su da shi, shi ne niyon mai yawa. A cikin iska kashi 18 ne kacal cikin miliyan, don haka masana ɗan mitsitsi suke samu. Amma masana'antar da ke sarrafa tan-tan na iska kowace rana dole ya taru mata, domin shi sai a digiri 246 ƙasa da sifili yake zama ruwa, saboda haka a gas yake saura bayan oksijin da naitirojin sun zama ruwa. Ga Air Liquide shara ce. Claude ya tsaya kan sai ya nemo mata mai saye.

To me ya sa fitilarsa ta yi ƙarko ta wasu ba ta yi ba?

Matsala biyu ya warware. Ta farko tsarki: niyon ba ya son gauraye, ɗan ƙazanta kaɗan daga jikin gilashi ko ƙarfe sai launinsa ya ɓace. Claude ya riƙa tace shi da gawayi da aka sanyaya da ruwan iska, gawayin ya shanye sauran iskoki ya bar niyon. Ta biyu ƙarafan da ke bakin bututun ta kowane gefe, inda wuta ke shiga. Lantarki na cin su a hankali, ɓurɓushinsu ya manne a gilashi ya haɗiye gas ɗin, fitila ta mutu da wuri. Sai ya faɗaɗa jikin ƙarafan yadda wutar za ta bazu, lalacewar ta ragu ƙwarai. Wannan ce ƙirƙirar da Amurka ta ba shi takardar haƙƙin mallakarta a Janairun 1915, kuma ita ta ba shi ikon riƙe kasuwar har farkon shekarun 1930.

Ya fara nuna wa jama'a fitilar a bikin baje kolin motoci na Faris a Disambar 1910, inda ya haska ginin Grand Palais da bututu biyu, kowanne tsawon mita 12.

Yaya aka yi ta zama fitilar talla?

Da farko niyyarsa haska gidaje da tituna ce, amma ba wanda ke son zama a ɗaki mai jan haske. Abokin hulɗarsa Jacques Fonsèque ne ya hango cewa tunda gilashi na lanƙwasuwa, ana iya rubutu da shi. A 1912 aka sayar wa wani mai aski a Faris allon farko, a 1913 aka kafa babban allon kamfanin Cinzano, a 1919 aka haska ƙofar gidan wasan Opera. A shekarun 1920 sana'ar ta tsallaka Amurka, inda dillalin motocin Packard a Los Angeles, Earle C. Anthony, ya kasance cikin na farkon saye. Kamfanin Claude Neon ya riƙa sayar wa 'yan kasuwa lasisin aiki da dabarar birni-birni.

Har gobe aikin hannu ne. Gwani zai shimfiɗa zanen harafin a tebur, ya gasa bututun a harshen wuta har ya yi laushi, ya lanƙwasa shi kan zanen yana hura iska ta wata siririyar roba da ke bakinsa don kada bututun ya lotsa. Bayan nan a zuƙe iskar ciki, a gasa shi da lantarki don ya tsarkaka, a ɗura gas kaɗan, a toshe.

Duk fitilar talla mai launi niyon ce?

Niyon zalla ja mai ruwan lemo kawai yake bayarwa. Shuɗi daga agon ne da ɗigon zaiba, sauran launuka kuma daga gilashi mai launi ko hodar da ake shafa wa cikin bututun. Mafi yawan abin da ake gani yau a shaguna da wuraren biki ana ce masa niyon, robar LED ce, babu gas a cikinta ko kaɗan.

Me ya yi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma me ya haɗa shi da takin zamani?

Ya sa iliminsa a hidimar sojan ƙasarsa. Ya yi aiki kan bama-bamai masu amfani da ruwan oksijin, kuma bayan Jamus ta fara sakin iskar kulorin mai guba a 1915, yana cikin waɗanda suka taimaka wa Faransa ta samar da nata. Masu ba da tarihinsa kan yi saurin wuce wannan wuri, alhali gubar da ta shaƙe sojojin wannan ɓangare ita ce ta shaƙe na wancan.

Yaƙin ya kuma nuna wa Faransa cewa Jamus ta yi mata nisa wajen haɗa amoniya daga naitirojin ɗin iska, ta hanyar masananta biyu, Haber da Bosch. Amoniya ita ce uwar albarushi, ita ce kuma uwar takin zamani. Buhun yuriya da manomi ke zuba wa masara daga gare ta yake farawa. Daga 1917 Claude ya ɓullo da tasa hanyar, mai aiki da matsi har kusan ninki 1,000, wato kusan ninki biyar na na Jamusawa, don injin ya zama ƙarami kuma ya fi ba da amfani a zagaye ɗaya. A 1919 Air Liquide da kamfanin Saint-Gobain suka kafa kamfanin Grande Paroisse don wannan aiki, kamfanin DuPont na Amurka ma ya sayi lasisin. Daga baya masana'antu suka koma matsi mai sauƙi saboda tsadar ƙarfen da zai jure wancan. A 1924 aka zaɓe shi mamba a Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa.

Da gaske ne ya so samar da lantarki daga ruwan teku?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ne aikin da ya fi ƙauna. Tunanin na d'Arsonval ne tun 1881. A tekunan ƙasashe masu zafi ruwan sama kan kai digiri 25 zuwa 28, amma a zurfin kusan mita 1,000 bai wuce digiri 4 ko 5 ba. Duk inda aka sami zafi da sanyi kusa da juna, ana iya juya inji. Claude da injiniya Paul Boucherot suka tsara nasu salon: a shigar da ruwan sama mai ɗumi cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska. Idan matsi ya sauka zuwa kusan kashi 3 cikin ɗari na yadda aka saba, ruwa kan tafasa a digiri 25 ba tare da wuta ba. Tururin ya juya farfela, sannan ruwan sanyin da aka jawo daga ƙasa ya mayar da shi ruwa.

Sun nuna ƙaramin samfuri a gaban majalisar masana a 1926, suka gwada babba a Ougrée ta Beljiyam a 1928 da ruwan ɗumin wata masana'antar ƙarfe. Daga nan Claude ya nufi gaɓar Matanzas a Kyuba. Aikin duka ya rataya ne kan bututu mai tsawon kusan kilomita 2 da za a nutsar zuwa zurfi. Na farko ya salwanta a teku, na biyu ma haka. Na uku ya zauna a 1930, injin ya ba da kilowat 22, amma famfunan da ke jawo ruwa sun fi haka ci, kuma ba a jima ba guguwa ta lalata bututun. Bai haƙura ba. A 1935 ya ɗora masana'antar a kan jirgin dakon kaya mai suna Tunisie a tekun Burazil, da niyyar yin ƙanƙara ya sayar a Rio de Janeiro. Igiyar ruwa ta sake cinye bututun, kuɗinsa na aljihu kuma suka bi shi.

Ke nan tunanin banza ne?

Lissafinsa daidai ne, kayan aikin zamaninsa ne ba su kai ba. Tazarar digiri 20 kaɗan ce, don haka kashi 2 ko 3 cikin ɗari na zafin kawai ke zama lantarki, dole a jawo ruwa mai ɗimbin yawa ta bututu mai faɗi da zai jure teku. A shekarun 1950 Faransawa sun tsara irin wannan tasha a Abijan, inda teku ke da wani rami mai zurfi dab da gaɓa, amma aka watsar saboda an sami wuta mai rahusa ta wasu hanyoyi. Sai a 1979 wata ƙaramar tasha a Hawai ta ba da wutar da ta fi wadda take ci, a 1993 kuma aka kunna wata a can mai bin salon Claude. Salon nasa yana da wata riba: tururin da ya koma ruwa ba shi da gishiri, ana iya sha.

Me ya kai shi kurkuku?

Siyasa. Ya tsaya takarar majalisa a 1928 bai ci ba, ya ƙullaci tsarin jamhuriya, a shekarun 1930 ya shiga ƙungiyar Action Française ta masu son a maido da sarauta, wadda ta yi ƙaurin suna wajen ƙin Yahudawa. Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, Claude, wanda ya yaƙi Jamusawa da iliminsa shekara 25 kafin nan, sai ya zama mai kiran a haɗa kai da gwamnatin Hitila. Ya shiga ƙungiyar Groupe Collaboration, ya zagaya birane yana lacca, ya buga ƙasidu, gwamnatin Vichy ta Mashal Pétain kuma ta naɗa shi a majalisarta ta shawara a 1941. An kama shi a 1944, majalisar masana ta kore shi, a Yunin 1945 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai, aka kuma karɓe lambobin girmansa.

Wasu kan ce tsufa ne da ɗacin asarar da ya yi a teku. Wannan bai wanke shi ba. Dattijo ne mai shekara 70, mai suna, wanda ba yunwa ko barazana ta tilasta masa ba, kuma sunan nan da ya samu ta hanyar kimiyya shi ya ara wa mamaya. A shekarun da yake hawa mumbari, an kwashe Yahudawa kusan 75,000 daga Faransa zuwa sansanoni, kaɗan ne suka dawo. A ganina malamin da zai koyar da dabararsa ta sanyaya iska ya kamata ya faɗa wa ɗalibai wannan ma, a aji ɗaya, domin su ne gobe za a nemi su ara wa wani mulki sunansu.

An ce ya taimaka wa Jamus ƙera bam mai tashi na V-1. Haka ne?

An yi wannan zargi bayan an kama shi, amma kotu ba ta same shi da shi ba. Laifin da aka ɗaure shi a kai shi ne farfaganda da haɗa kai da abokan gaba, kamar yadda aka zayyana a amsar da ta gabata.

Yaya ƙarshen rayuwarsa ya kasance?

An sake shi a 1950 yana dab da shekara 80, bayan ya yi fiye da shekara biyar a tsare. Bai koma kujerarsa ta majalisar masana ba, ba shi kuma da ta cewa a kamfanin da ke ɗauke da sunansa. Ya ci gaba da rubutu kan makamashin teku, ya buga tarihin rayuwarsa da ƙirƙire-ƙirƙirensa a 1957, shekara uku kafin mutuwarsa a Saint-Cloud.